Ranar Da Na Saki Tumakin Mutane a Wales

Ranar Juma'a muna idar da sallar asuba muka bar Catford, unguwarmu a London, mu shida mata, a cikin wata ƙaramar bas ta haya. Ni na yi booking ɗin komai da hannuna, mota da masauki, kuma ina so a san da haka, domin ni ce matar da sai da ta haura arba'in kafin ta iya rubuta sunanta. Direbarmu nas ce a wani asibiti a Camberwell, yarinya mai ladabi, amma in ta riƙe sitiyari ba ta san Anti ba. Uku 'yan ƙungiyarmu ne ta tattaki, waɗanda muke zagaya filin unguwa tare kowace Asabar tunda likita ya ce sukari da hawan jini sun yi mana ƙawanya. Ta shidan kuwa ita ce dalilin tafiyar baki ɗaya, ko da yake ban gaya mata ba.

Aminiyata ce, ƙofarta na kallon tawa fiye da shekara ashirin. Mijinta ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ta yi takaba ta gama, amma ba ta fito ba. Wata huɗu da kwana goma suka miƙe suka zama shekara. Labule a sake, waya a kashe, abinci sai na kai mata na tsaya a kanta. Matar da a da in ta yi dariya a kicin ɗinta ta bango nake jiyo ta. Ɗanta da ke aiki can ƙuryar Scotland ya zo da Ƙaramar Sallah ya ga yadda ta koma, ya ce in har Babbar Sallah ta same ta a haka, zai mayar wa council, wato hukumar unguwa, flat ɗin da take ciki ya tafi da ita. Ban ga laifinsa ba, ɗa ne na kirki. Amma can shi zai fita aiki tun safe, matarsa ma haka, ta zauna ita da bango a garin da ba ta san kowa ba. Na ce a raina ina numfashi ba za a yi wannan ba. Daren tafiya na shiga ɗakinta na haɗa mata jaka, na ce ko ta shiga mota da ƙafarta, ko mu biyar mu ciccibe ta. Ta san ni, sai ta shiga da ƙafarta.

Guzuri kam mun yi shi kamar masu tafiya Hajji ta ƙasa. Dambun nama, ƙosai, dafaffen ƙwai, kunun gyaɗa a fulas biyu, da kwalbar yaji wadda ni ba na tafiya ba ita. Kuma mun gode Allah da muka yi hakan, don da muka tsaya a wurin hutawar matafiya gab da Birmingham, shayi kofi ɗaya ya kusa fam huɗu. Ruwan zafi ne fa da ganye. Na mayar wa yarinyar kofinta na koma mota na sha kununa.

Bayan Birmingham hanya ta fara canza hali. Titi mai layi uku ya koma biyu, biyun ya koma ɗaya, har muka shiga Wales, inda kowane allon hanya da harshe biyu aka rubuta shi, nasu da Turanci. Duwatsu suka fara tasowa dama da hagu, kore shar, ruwa na gangarowa daga jikinsu kamar an yaye farin ƙyalle. Katangu na dutse zalla ba siminti, sun hau tudu sun sauka, ban san hannun da ya jera su ba amma ya sha wahala. Ga tumaki ko'ina, kowace da ɗan fenti ja ko shuɗi a gadon baya don mai ita ya gane ta, ga 'ya'yansu sababbin haihuwa suna tsalle. Tun daga Catford aminiyata ba ta ce uffan ba. A nan ne na ji ta ce, kamar da tagar mota take magana, "Waɗannan sun ƙoshi." Na san a hannun kakarta ta tashi, a wani ƙauye gabas da Katsina, tana kiwo tun kafin ta iya ɗaura zane, amma a shekarun da muka yi tare ban taɓa jin ta yi zancen ba.

Da azahar muka isa. Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, na gwada a gaban mai masaukinmu sau uku, ta yi dariya har da hawaye, na bar mata abinta. Gari ne ɗan ƙarami, babban titi ɗaya, tafki a gefe, duwatsu biyu sun sa shi a tsakiya. Gidajen duk launin toka, rufinsu na wani baƙin dutse mai faɗi da santsi. Rabin shagunan takalman hawa dutse da rigunan ruwa suke sayarwa. Na ɗaga takalmi ɗaya na ga kuɗinsa ya fi fam ɗari, na ajiye shi a hankali kada ya ji ciwo.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne dutsen da ke hayin tafkin. An yanke shi hawa-hawa tun daga ƙasa har sama, kamar wani ƙato ya yi matakala, ga tarin ɓaraguzai ya kai tsawon wani dutsen. Can muka nufa bayan mun yi sallah. Tsohuwar mahaƙa ce, yanzu ta zama wurin ziyara. Wani dattijo mai farar gira ya zagaya da mu, ya ce ubansa da kakansa duk a nan suka ci abinci, a nan kuma ƙura ta cinye musu huhu. Ya zauna a gabanmu ya ɗora dutse a gwiwa, ya sa wani ƙarfe mai faɗin baki ya ɗan buga da guduma, sai dutsen ya rabu biyu sumul kamar an buɗe littafi. Ya sake raba rabin. Ya ce da wannan aka rufa gidaje a ƙasashen da mutanen garin ba su taɓa takawa ba, kuma abin da ake zubarwa ya ninka abin da ake ɗauka nesa ba kusa ba, shi ne wannan tarin da muke gani. Wasu ma'aikatan a kan dutsen suke kwana duk mako, sai ƙarshen mako su ga iyalinsu. Da aka rufe mahaƙar, matasa suka watse neman aiki, garin ya kusa mutuwa, sai masu yawon hawa dutse suka raya shi.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ya ce mutanen nan, da ƙura a ƙirji da kanta a hannu, in sun zauna cin abincin rana a 'yar bukkarsu, karatu suke yi da muhawara da waƙa, kuma daga ɗan abin da suke samu suka riƙa haɗa kwabo-kwabo don 'ya'yansu su yi ilimi kada su gaje su a ramin. Sannan ya ɗauko wani ƙaramin allo na dutsen, an yi masa baki da katako, ya ce irinsa 'yan makaranta suka riƙa koyon rubutu a kai a da. Ni ban taɓa riƙe allon boko ina yarinya ba. Yayyena maza aka kai, ni aka ce in taya Inna aiki. A ajin manya na council na koyi baƙi, ina zaune kusa da wata 'yar Somaliya wadda har ta yi jika. Na karɓi allon, na karɓi alli, na rubuta sunana cikakke, har da na mahaifina, don ya gani daga inda yake. Na saya. Fam takwas, kuma wannan karon ban yi ciniki ba.

Da yamma muka ci kifi da dankali a bakin tafki, na zazzaga masa yaji har ya shiga hankalinsa. Suna da wata miya ta naman rago da kowa ke yabo, amma ba mu san yankan ba, muka haƙura da ƙamshi. Akwai kuma wata 'yar waina tasu ta fulawa da busasshen inabi, a kan ƙarfe ake gasa ta, wannan kam mun ci mun ƙulla a leda. A shagon da muka saye ta wata yarinya 'yar kamar shekara biyar tana ta zuba wa kakarta surutu da harshensu, ba Turanci ko ɗaya. Ku duba fa, Ingila na maƙale da su, amma ba su saki harshensu ba. Mu kuwa ka ce wa jikanka "zo nan" ya amsa maka da Turancin da ko kai ba ka gama ji ba. Ba yaran nake zargi ba, mu nake zargi, har da ni.

Muna komawa masauki, rana ba ta faɗi ba don a wannan lokacin sai wajen tara take faɗuwa, muka ji waƙa na fitowa daga wani tsohon zaure. Ƙofa a buɗe, muka leƙa. Maza ne kusan talatin, yawancinsu masu furfura, ba ganga ba kiɗa sai wata mata a kan fiyano, suna gwajin waƙa. Mai masaukinmu ta ce tun zamanin mahaƙa suke da wannan al'ada. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma da muryoyin suka haɗu suka yi ƙasa, sai da tsikar jikina ta tashi. Na waiga na ga aminiyata ta juya ta yi gaba ita kaɗai. Na ce a raina, to, na kawo ta nesa a banza.

Asabar muka tashi hawa dutse. Kada ku tambaye ni shigar da muka yi. Wando a ciki, zane a kai, hijabi, mayafi, rigar ruwa a sama, kowace ta koma kamar buhun auduga. Ba babban dutsen muka nufa ba, wannan akwai ɗan jirgin ƙasa da ke kai masu kuɗi da marasa gwiwa. Wata hanya muka bi da ke kaiwa ga ƙaramin tafki a sama, nas ɗinmu ta ce awa biyu ce. A hanya mun ga abin mamaki. Samari da 'yan mata maƙale a jikin dutse da igiya kamar ƙadangaru. Wasu an rataye su a igiyar ƙarfe suna wucewa ta saman tsohon ramin suna ihu, kuma wai biya suka yi. Wata tsohuwa da ta girme ni tana iyo a ruwan da na sa yatsa na ji har cikin haƙorina. Kuma kowa sai ya gaishe ka. Mutanen da a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa na London, za ku yi awa guda gwiwa na gogar gwiwa ba wanda ya dubi wani, a nan kowa da fara'arsa. Ashe suna da gaisuwa, a kan dutse suke ajiye ta.

To, ga inda na yi abin kunya. Hanyar ta ratsa ta cikin makiyayar wani gida, akwai ƙyauren ƙarfe da sakata. Ni ce ta ƙarshe. A jikinsa an rubuta a rufe bayan an wuce, kuma na karanta, ba zan ɓoye a bayan jahilci ba. Amma da na waiga sai na hango wasu tsofaffi biyu, mata da miji, suna tahowa can ƙasa da sandunansu. A tarbiyyar da aka yi mini ba a rufe wa babba ƙofa a fuska. Na buɗe ƙyauren sosai, na tokare shi da dutse don kada su wahala, na bi 'yan uwana ina jin na yi aikin lada. Ashe tsofaffin wata hanya suka karkata.

Mun yi tafiyar kamar minti ashirin, muka zauna a kan wani falalen dutse muka buɗe dambu. Sai ɗaya daga cikinmu ta ce, "Anti, wai waɗancan ina za su?" Na duba ƙasa. Tumaki ne ke kwarara ta ƙyauren da na tokare, iyaye da 'ya'ya, sun kama siririyar hanyar da ke tsakanin katangu biyu, wadda ta gangara kai tsaye zuwa babban titi inda motoci ke gudu.

Muka ruga. Mata biyar, huɗu masu hawan jini, suna gudu a gangare suna "Kai! Kai! Ku dawo!" suna kaɗa hannu. Tumakin da suka ji mu sai suka ƙara wuta.

"Ku tsaya! Ku rufe mini baki!"

Wallahi sai da na waiga don in ga mai maganar. Shekara guda ban ji wannan muryar ba. Aminiyata ce, ta tuɓe rigar ruwa ta yar, ta ɗaure mayafi a ƙugu, idonta a kan nas ɗinmu.

"Wa ya ce muku ana bin tunkiya a baya da ihu? Ke Sista, ƙafarki ta fi tamu, haura katangar nan ki bi ta cikin gona ki tare su ta gaba, kada su gan ki sai kin wuce su. Ku uku ku bi ta. In kun isa ku jeru ku buɗe mayafanku, ku tsaya cik. Kada wadda ta yi tari."

"Ni fa?" na ce.

"Ke Hajiya kin yi naki aikin. Je ki riƙe ƙofar da kika buɗe."

Na tafi na riƙe ƙofa ba musu, kuma waɗanda suka san ni sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan nake kallo. Su huɗun suka tare hanyar can ƙasa, saura kaɗan a kai titi, suka baza mayafai, ja da ruwan goro da shuɗi, suka zama katanga. Tumakin suka ja birki suka cunkushe suna kuka. Ita kuwa ta bi gefen katanga a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa, ba ta kallon kowace a ido. Ta gama nazarinsu, ta zaɓi wata babbar tunkiya da ke gaba, ta sunkuya caraf ta kama ɗanta. Ba ta rungume shi ba. Ta riƙe shi ƙasa-ƙasa dab da ƙasa, inda uwar za ta gan shi ta ji warinsa, ta fara tafiya da baya tana wani ɗan sauti da harshe. Uwar ta biyo ta tana kuka. Ta biyu ta biyo uwar. Sai ga garken duka ya juyo, suna hawowa a bayan matar da jiya ko cokali ba ta son ɗagawa. Suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya, na rufe, na zura sakata, na sake dubawa sau biyu.

Muna cikin haki sai ga mai tumakin a kan babur mai ƙafa huɗu, da karenta a baya. Ganin karen ya sa jarumai uku suka ɓuya a bayan nas. Mace ce kamar sa'armu, fuska duk iska ta dafa ta. Daga gidanta ta hango komai. Ta tambayi wanda ya bar ƙyauren, na ce ni ce, na gaya mata dalili. Ba ta yi dariya ba. Ta ce da sun kai titi, ba tumaki kaɗai za a rasa ba, har da mutanen cikin mota. Gaskiya ta faɗa, na haɗiye, na ba ta haƙuri. Ta ƙirga dabbobinta da ido ta ga sun cika. Sannan ta juya ga aminiyata ta ce, a ina kika koyi riƙe ɗan tunkiya haka?

Daga nan muka tsinci kanmu a kicin ɗinta muna shan shayi, na kyauta kuma mai kauri. Ta kai mu rumfar da take ajiye marayun 'ya'yan tumaki, ta miƙa wa aminiyata kwalbar madara. Suka zauna a kan damin ciyawa su biyu, ɗaya da Turancin Wales ɗaya da na Catford, suna zancen tunkiyar da ke ƙin ɗanta da yadda ake lallashinta, da ciwon kofato, da kakar da ta koya wa kowaccensu. A cikin hirar matar ta ce ita ma mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ana tsakiyar haihuwar tumaki, kuma dabbobin ba su ba ta ko yini ɗaya ta zauna ba. Ta ce a lokacin ta ji haushinsu, daga baya ta gode musu.

Aminiyata ta daɗe tana kallon ɗan ragon da ke tsotso a hannunta. Sannan ta ce da ni da Hausa, a hankali, "Ni ba ni da tumaki."

Na ce, "Kina da mu. Yau kin gani da idonki, mun fi tumaki wuyar kiwo."

Dariyar ta fito mata kamar tari da farko, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, sannan ta ɓarke gaba ɗaya har ɗan ragon ya saki kwalba. Hawaye na zuba tana dariya. Ni ma na juya na ce ƙurar ciyawa ce ta shiga mini ido.

Tafkin saman dutse dai ba mu gan shi ba. Kafin mu fito hazo ya sauko ya rufe komai, ruwa ya biyo baya, muka gangara a jiƙe. Ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan.

Lahadi da hantsi muka kamo hanya. Cunkoso ya riƙe mu wajen shiga London, amma ba wadda ta ƙosa, don tun daga Wales aminiyata ke ba da labarin yadda na yi gudu a gangare da zane a hannu, tana ƙara gishiri a kowane zagaye. Duk ƙofar da muka wuce, ko ta gidan mai ce, sai ta ce, "A riƙe Hajiya." La'asar sakaliya muka sauka a Catford.

Abin da na koyo ba shi da yawa, amma nawa ne. Na ɗaya, ladabin garinku ba lallai ya zama ladabi a garin wasu ba, in ka ga an rubuta abu a ƙofar mutane, sun fi ka sanin dalili. Na biyu ya fi mini ciwo. Shekara guda ina kai wa matar nan abinci, ina yi mata wanki, ina yi mata faɗa, ban taɓa neman ta yi mini komai ba. Na mayar da ita abin tausayi, ina ganin ƙauna ce. Ashe wanda aka yi wa rashi ba hannun da zai ba shi kaɗai yake nema ba, yana neman wanda zai ce masa taso, ba mu iya ba sai da kai.

Saura 'yan makonni Babbar Sallah. Ban san me ɗanta zai yanke ba, kuma ban ce ta warke ba, rashin miji ba mura ba ne. Amma jiya na jiyo ta ta bango tana gaya masa a waya cewa in yana son ganinta ya zo Catford, kuma kada ya kuskura ya yi odar ragon layya sai ta ga hotonsa tukuna, don yanzu ba a yi mata wayo a kan dabba. Yau da safe kuma aka ƙwanƙwasa mini. Na buɗe na gan ta da takalmin tattaki, wai ƙungiyarmu ba ta da tsari, daga yanzu ita za ta riƙa jan gaba. Na ɗauko mayafina muka fito. Mun kai bakin matakala ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Koma ki duba, Hajiya. Kin rufe ƙofar?"